Rabon Hanya

Ana idar da sallar magariba Dakta Barira ta ɗora yatsa a jikin bango, ta ce wa mahaifinta, "To Baba, duba duk inda ka ga dama."

Malam Lurwanu ya ɗaga kai. Babu ƙwan fitila a ɗakin, sai wani farin faifai mai faɗin faranti manne da silin. Ya sauke idonsa kan butarsa da ke gindin ƙofa, sai ga buta ta fito fes, har da tsagar da ke bakinta. Ya juya ga kantar littattafansa, kanta ta haskaka. Ya yi wuf ya waiwaya baya kamar mai son kama ɓarawo, ya tarar haske ya riga shi isa.

"Ikon Allah!" in ji shi, yana dariya. "Ke Barira, wannan abin naki ya fi ni sauri."

Daga tsakar gida Gwaggo Lantana, ƙanwarsa da ke riƙe masa gida tun rasuwar matarsa, ta ɗaga murya. "Yaya, me kuke yi a cikin duhu kamar masu makoki?"

"Shigo ki ga duhun."

Tana sa ƙafa a ɗakin ta ja da baya tana salati. Ta sake shiga, ta sake fita. Daga waje ɗakin baƙi ƙirin, daga ciki kuwa kamar da hantsi.

Wannan ita ce Bi-ido, fitilar da Barira ta ɓata ƙuruciyarta a kanta a ɗakin bincike na kamfanin Gamzaki. Fitilun da aka saba da su suna watsa haske ne ko'ina: bango, rufi, ƙarƙashin gado, bayan kan mutum, har ya tsiyaya ta taga ya zube a hanya. Barira ta auna ta ga abin da idon mutum ke mora a cikin wannan duka bai taka kara ya karya ba. Sai ta cika faifanta da dubban ƙwayoyin haske ƙanana kamar gero, kowace da nata siririn zaren haske, ta sa musu wata na'ura a tsakiya wadda ta raɗa wa suna ɗan-leƙe. Aikin ɗan-leƙe shi ne karanta ƙwayar idon duk wanda ke cikin ɗaki, ya gane inda za ta juya tun kafin ta juya, ya tura haske can kaɗai. Sauran ɗakin yana kwance cikin duhu, amma mai ɗakin ba zai taɓa sani ba, domin duk inda ya duba akwai haske.

A Kanon wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da rana lantarki kusan kyauta yake, domin babu rufin da ba ya shan rana. Matsalar sai rana ta faɗi. Daga nan birni yakan koma kan manyan rumbunan batir da ke bayan gari, kuma wutar rumbu tsada gare ta kamar magani. Magidanci kan ji faɗuwar gaba idan ya ji kiran magariba, don ya san mita ta fara gudu.

Malam Lurwanu ya zama ɗan tallan 'yarsa ba tare da kowa ya ɗauke shi aiki ba. Gida-gida ya bi a Lungun Masaƙa, inda aka haife shi, yana jawo mutane su zo ɗakinsa su waiwaya. Wanda ya fi ba shi wahala shi ne amininsa tun na makarantar allo, Malam Tanimu tela, wanda shagonsa ke cikin zauren gidansa, daidai inda lungun ya karya kwana. Injinan da ke fitar da riga ɗinkakkiya kafin mutum ya gama shan shayi sun kwashe masa ciniki, sai 'yan tsofaffin da ba sa yarda da aikin da ba na hannu ba, ga jikoki cike da gida. Duk da haka ya ce shi tsohon ƙwansa ya ishe shi.

"Tanimu, taurin kai ba sana'a ba ce," in ji Malam Lurwanu. "Wutar da ƙwan nan naka yake ci a wata ɗaya, ta 'yata za ta kai ka shekara da ita."

"Kai dai ka samu 'ya injiniya, ka hana mu sakat."

Amma ya saka. Da wata ya ƙare ya zo da kansa, ya kama hannun Barira ya yi ta sa mata albarka, ya ce rabon da ya sayi nama ba ranar salla ba har ya manta, sai wannan watan.

Irin wannan labari ya yi ta zuwa mata daga kowace unguwa. Wata bazawara ta samu halin kunna firiji don maganin ɗanta. Wani malamin makaranta ya daina korar 'ya'yansa su kwanta da wuri. Kafin damina biyu ta zagayo, da wuya a sami gida a cikin ganuwa da ba Bi-ido a silin ɗinsa. Aka gayyaci Barira ƙasashe ta yi jawabi, ta kuwa iya jawabi. Kalmar da ta fi so ita ce ɓarna. Takan ce ɗan Adam ya shafe ƙarnuka yana biyan kuɗin hasken da ba ya gani, ita kuma ta zo ta toshe wannan ɓaraka. Idan tana dawowa daga aiki a jirgin gada, wanda ke bi ta saman rufin gidaje, takan leƙa ƙasa ta ga tsohon birni ya yi lumus, babu ko ƙyallin taga ɗaya, sai manyan tituna da hukuma ke haskawa. Ganin nan yana yi mata daɗi. A wurinta kowane baƙin rufi gida ne da ya huta da mita.

Wata Laraba cikin watan Agusta, tana tsaye a kan sabon faifan da suke gwadawa don asibitoci, agogon hannunta ya yi ƙara. Gwaggo Lantana ce.

"Barira, ki zo. Yaya ya faɗi. Muna hanyar asibiti."

Ƙashin ƙugunsa ne ya karye. Ya fito zuwa sallar isha'i bayan an ɗauke ruwa, ya zurma cikin kwatar da ke kwanar lungu. Malam Tanimu ne ya ji nishinsa daga cikin zaure, ya fito yana lalube har ya taɓa rawaninsa. Likitoci suka buga masa sabon ƙashi da injin ɗab'i suka dasa, aiki ya yi kyau, amma babbar likitar ta ja Barira gefe ta gaya mata gaskiya: a shekarunsa zai tashi, zai yi tafiya, sai dai da ɗamarar ƙarfe mai taya ƙafa, kuma faɗuwa ta biyu ba za ta zo da sauƙi ba.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne, "Santsi ne. Takalman nan ne da Lantana ta saya mini, ba su da kamu."

"Baba, ina fitilar agogon da na ba ka?"

"Tana gida. Ni da lungun da aka yanke mini cibiya a cikinsa, sai na riƙa haska hanya kamar baƙo?"

Gwaggo Lantana ta ja Barira suka fito baranda. Nan ta gyara mayafinta ta ce, "Ba santsi ba ne, kuma ya sani. Ba ya so ranki ya ɓaci ne. Ba shi ne na farko ba a kwanar nan. Matar liman ta gurɗe a wurin, wani mai kai saƙo ya fasa baki. Je ki da kanki bayan magariba, ki gani."

Barira ba mai jin tsoron gani ba ce. Washegari ta sauka daga jirgin gada a bakin titi, ta tsaya har aka fito daga masallaci, sannan ta shiga Lungun Masaƙa ta kashe fitilar agogonta.

Kamar an rufa mata bargo a ka. Ta miƙa hannu ta nemi bango, ta bi shi a hankali. Ta dama da hagu gidaje cike suke da rai: ana suyar albasa, wani yaro yana tilawa, mata suna shewa a kan wani wasan kwaikwayo, cokali yana bugun kwano. Ta san kowane ɗaki a cikinsu tar yake ga masu shi. Amma ko zare ɗaya na haske bai tsallako taga ba. Ta wuce inda mai awara kan kafa kaskonta a ƙarƙashin tagar gidan liman, babu kowa. Ta wuce ɗan filin da yara kan yi wasa kafin a kira su barci, shiru. Da ta iso kwana, ta ji kukan keken Malam Tanimu a cikin zaure, ƙofa a buɗe, yana ɗinki cikin abin da ita take gani baƙin duhu. Ƙafarta ta dama ta taka iska. Da ba don ta riƙe bango ba, da ta bi sawun mahaifinta.

Ta tsaya a wurin. Hukuma ba ta taɓa kafa fitila a lungun nan ba, kuma ba a taɓa jin buƙata ba. Hasken da ke zubowa ta tagogi da zauruka shi ne fitilar lungu tun kaka da kakanni. Shi ne abin da ta yi ta kira ɓarna a gaban manyan duniya. A lissafinta ta ƙirga idon da ke cikin ɗaki, wanda ke biyan kuɗin wuta. Mai wucewa a waje bai shiga lissafin ba.

Ba ta ɓata lokaci wajen cizon yatsa ba. Tun a jirgin komawa ta fara zane a allon agogonta. Gyaran ma ba wuya gare shi: a ware 'yan ƙwayoyin haske daga gefen faifai, a karkata su ta taga ko ƙofar zaure su sauka a ƙasan hanya, daga magariba zuwa lokacin da sawu ke ɗaukewa. Ba sai an canza faifan kowa ba, umarni kawai za a tura ta iska, kowane faifai a birni ya karɓa a dare ɗaya. Ta gwada a ɗakin bincike, ta gwada a gidan mahaifinta, ta sa wa abin suna rabon hanya. Sannan ta nufi ofishin shugaban kamfanin, Alhaji Sagir Ɗanlami.

Ya saurare ta har ta gama, ya yi mata jaje game da mahaifinta, ya ce a tura masa kuɗin asibiti kamfani zai biya. Sannan ya jingina da kujera.

"Dakta, wa zai biya wutar?"

"Masu gida, ranka ya daɗe. Abin ba shi da yawa. Ko da an kunna shi, mutum bai kai ga rabin rabin abin da yake biya a da ba."

"Ban musa ba. Amma me muka rubuta a jikin kowane kwali? Ba ka biyan hasken da ba ka gani. Da bakinki kika tsara maganar. Yanzu kina so mu shiga silin ɗin mutane cikin dare, mu buɗe musu famfo, ba tare da mun tambaye su ba. Gobe lauyoyi za su cika harabar nan, kuma gaskiya ce da su."

"Shekara da shekaru suna ba da hasken nan, babu wanda ya taɓa kai ƙara."

"Don ba su san suna bayarwa ba. Ke kika sanar da su."

 Barira ta so ta sami inda maganarsa ta karkace, ba ta samu ba.

"To a tura shi a kunne," in ji ta, "wanda ba ya so ya kashe."

"A tura shi a kashe, wanda yake so ya kunna. Dukiyarsu ce, Dakta. Zan sa a yi sanarwa a rediyo da masallatai, da kuɗin kamfani. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Ta miƙe tana murmushi, domin ta tabbata ta yi nasara. "Na yarda, ranka ya daɗe. Ka manta mutanen da muke magana a kansu. Garin da ake ajiye randa a ƙofar gida don mai wucewa ya sha, shi za a roƙa ya ba da haske? Ka ba ni wata guda, za ka ga lungunan nan daga tagar ofishinka."

Ta kusa cin gari. Limamai suka yi huɗuba a kai, mawaƙa suka sa shi a waƙa. Daga jirgin gada Barira ta ga tsohon birni ya fara tsiro da ɗigo-ɗigon haske, yau kaɗan, gobe da yawa, har lunguna suka fito kamar zanen lalle a tafin hannu. Mai awara ta dawo ƙarƙashin tagar liman. Asibitoci suka ce masu zuwa da karaya sun ragu. Aka sake gayyatar Barira jawabi, ta ƙara babi a kan yadda kimiyya ke gyara kuskurenta da hannunta.

Sai dai zanen lallen yana da giɓi. A kowane lungu akwai gidajen da suka kunna, akwai waɗanda ba su kunna ba, kuma yanzu kowa yana gani. Da, mai kyauta da marowaci da wanda ba shi da ko sisi duk haske ɗaya tagoginsu ke zubarwa. Yanzu mutum na tafe yana karanta maƙwabtansa a ƙasan hanya. Gwaggo Lantana ce ta fara kawo mata labari: an fara cewa gidan wane gidan duhu ne. An fasa wani baiko a bayan masallaci, dangin yarinya suka ce ba sa haɗa zuri'a da mutanen da ke ƙyashin haske. Wasu 'yan'uwa biyu da ke gida ɗaya sun daina gaisawa a kan wa zai ɗauki nauyin tagar zaure.

"Zai wuce," in ji Barira. "Sabon abu ne. Zan rage cin wutar, in mai da shi yadda ba wanda zai ji a jikinsa."

Ranar da likita ta yarda Malam Lurwanu ya taka zuwa masallaci, Barira ta bar aiki da wuri don ta raka shi. Ta ɗaura masa ɗamarar ƙarfen a ƙugu, ta daidaita ta da nauyinsa, ya sa farar rigarsa a kai. Aka kira isha'i suka fito, yana riƙe da damtsenta, ɗamarar tana ɗan huci a kowane taku.

Lungun ya yi kyau. Haske shimfiɗe a ƙasa daga wannan taga zuwa waccan kamar an jera tabarmi. Yara suka taso suna yi masa barka da tashi, mai awara ta rantse sai ya karɓi na ɗanɗano. Yana tafe yana kiran sunan kowane gida yana sa albarka, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa wannan ma aikin 'yarsa ne, kamar akwai wanda bai sani ba.

Da suka doshi kwana, tabarmin haske suka ƙare. Daga nan zuwa bayan kwatar duhu ne. Ƙofar zauren Malam Tanimu a buɗe take, amma babu kukan keke.

Barira ta tsaya cak. Nan ne fa. Mutumin da ya tsamo mahaifinta daga cikin kwatar nan da hannunsa, shi ne bai kunna ba.

"Baba, Baba Tanimu bai..."

"Na sani," in ji shi ƙasa-ƙasa. "An ɗauke keken tun ina asibiti, ya sayar. Ko na cikin ɗaki ba kullum suke kunnawa ba. Lantana ta kai masa abin da na aika, ya dawo da shi. Jumma'a biyu ke nan bai zauna a sahun gaba ba, yana jin abin da ake cewa."

"To ni zan biya masa. Daga ofis zan kunna, ba sai ya sani ba."

"Ya fito ya ga haske a ƙofarsa, ya san ba shi ya kunna ba? Duk lungu su san an yi masa sadaka? Ba ki san Tanimu ba."

Ta buɗe baki, kanta ya riga ya fara aikin da ya saba: asusun unguwa, ko faifai na hukuma a kan sanda, ko wata dabara da za ta ɓoye daga wace taga haske ya fito. Kowace ta ɗauko sai ta ga inda za ta yi wa dattijon da ke cikin zauren nan ciwo. Ta ɗaga hannu ta kunna fitilar agogonta, farin haske ya faɗa kan bakin kwata da dokin ƙofar zauren.

Malam Lurwanu ya damƙe hannunta da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba.

"Kashe."

"Baba, likita ta ce idan ka sake..."

"Na ji abin da ta ce. Tanimu yana ciki a zaune, yana kallon hanya. Ba zan haska ƙofarsa in wuce ba. Kashe, ki riƙe ni da kyau."

Ta kashe. Duhu ya rufe su. Ta zagaya hannunta ta bayansa, ta kama ɗamarar ƙarfen, ta miƙa ƙafa tana laluben gefen kwata da yatsunta, shi kuma ya jingina da ita da duk nauyinsa. Da suka zo daidai ƙofar, ya gyara murya, ya yi magana da irin muryar da ya saba tun suna samari.

"Salamu alaikum! Tanimu, an kira salla, kai kake jira a zo a ɗauke ka?"

 Sannan daga cikin duhun zauren aka ji motsin takalmi.

"Wa alaikumus salam. Gurgu ma ya fito, ni me zai hana ni? Ku bi ta hagu, Lurwanu. Ta hagu. Bari in zo in kama maka ɗaya hannun."